Filin ciyawa a wani gida a Zariya: damina huɗu tsakanin maigida da aya-aya

## Gidan da filin, 2021 zuwa Yuni 2022

Gidan yana wata sabuwar unguwa a gefen Zariya, wurin da gonakin masara suke kafin a yanka su fulotai. Mai shi ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, kuma Alhaji kawai za mu kira shi a nan. Ya tare da iyalinsa a ƙarshen 2021. Tsakanin ƙofar falo da katanga akwai fili mai tsawon mita 12 da faɗin mita 8, wanda tun ana gini ya hana a yi masa daɓen siminti. Dalilinsa biyu ne. Na farko zafin da siminti ke mayarwa cikin gida a Maris da Afrilu. Na biyu jikoki da ke zuwa hutu, yana so su sami inda za su yi gudu ba takalmi, in sun faɗi kada su ƙuje gwiwa.

Filin ba shimfiɗaɗɗe ba ne sosai. Yana ɗan gangarawa zuwa kusurwar kudu maso yamma, kuma nan ne ruwan kwano ke zuba ta indararo biyu, nan ne kuma famfon waje yake. A kusurwar da ke kallonta akwai tsohon mangwaro da aka gada daga gonar. Jikin katangar gabas magina sun bar ragowar yashi an baza shi. Ta gefen yamma mota ke bi ta shiga rumfarta. Ƙasar da ke ƙarƙashin duk wannan jar ƙasa ce da tifofi suka yi ta takawa wata da watanni, haɗe da ɓaraguzan bulo.

Ruwan Zariya yana kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba, kuma Agusta ya fi kowane wata. Daga Nuwamba zuwa Afrilu sai abin da mutum ya zuba da hannunsa.

A Mayu 2022 Alhaji ya sa aka kawo tifa biyu na baƙar ƙasa daga fadama aka baza, aka bi da buhu goma na kashin shanu daga ruga, wanda bai ruɓe ba. A farkon Yuni ya sayo ciyawar kafet wurin masu sayar da furanni a bakin titi, aka dasa ta ƙulli-ƙulli, tazarar taƙi ɗaya, kimanin santimita 20. Maigadin gidan, wani saurayi da ya tashi a gona, shi aka ɗora wa kula da ita.

## Damina ta farko, 2022

Ba a yi sati uku ba wani tsiro ya cika tsakanin ƙullin da aka dasa. Ganyensa siriri ne, kore shar, mai sheƙi, yana miƙewa tsaye, kuma ya fi kafet saurin tashi. Alhaji ya ɗauka ita ce ciyawar ta kama. Maigadi ya tsinko ɗaya ya murza karan tsakanin yatsa biyu ya miƙa masa. Karan ba zagayayye ba ne, gefe uku gare shi.

"Baba, wannan aya-aya ce. Da ƙasar fadamar nan ta zo."

Aya-aya 'yar'uwar ayar da ake ci ce, da ƙajiji, amma nata 'ya'yan baƙaƙe ne, masu tauri da ɗaci. Abin da ake gani a sama kaɗan ne daga cikinta. A ƙarƙashin ƙasa ƙwayoyinta suna jere a jikin wata siririyar jijiya kamar carbi, mafi yawansu cikin santimita 15 na sama. Muddin tsiron da ke kan jerin yana raye, yana danne sauran ƙwayoyin su yi ta barci. Da an tsinka jijiyar, waɗanda ke barcin sai su farka kowace ta fitar da nata tsiron. Masana ciyawa da suka jera muggan ciyayin duniya a 1977 ita suka sa a lamba ta ɗaya.

Babu wanda ya san wannan a gidan a lokacin, don haka aka fara da abin da kowa zai fara da shi, wato cira da hannu. Maigadi da yaran maƙwabta biyu suna durƙusawa duk ranar Asabar su cika baro. Tsiron na zarewa cikin sauƙi, ya baro ƙwayar a ƙasa. Kafin wata Asabar filin ya sake cika, kuma zuwa ƙarshen Yuli inda ake cire ɗaya a da an koma cire uku.

A Agusta balasa ta bayyana, mai kauri da ruwa a jiki da ƙaramin fure shuɗi. Ita kuma aka sa mata fartanya, aka sassare ta, aka tara a gindin katanga da nufin ta bushe. Ruwan Agusta bai bar ta ta bushe ba. Duk guntun da ke da gaɓa ya kafa saiwa a inda ya faɗi, tarin da ke gindin katanga ya zama sabuwar gonar balasa. Tare da ita harkiya da guɗe-guɗe da rukuɓu suka taso ko'ina. Irinsu ya bi ta cikin shanu ya fito da ransa a cikin takin da bai ruɓe ba.

A Satumba ƙarangiya ta nuna a kan yashin katangar gabas. Jikoki suka zo, ƙaramar ta shiga da gudu ta fito tana kuka, ƙaya ta cika mata ƙafa da gefen riga. Hajiya ta zauna tana cire mata ɗaya bayan ɗaya.

"Alhaji, filin da ka ce don yara ka yi, ga shi yaran ba sa iya takawa."

## Rani, Nuwamba 2022 zuwa Afrilu 2023

Da ruwa ya ɗauke, harkiya da guɗe-guɗe da ƙarangiya suka zubar da iri suka bushe, domin ciyayin shekara ɗaya ne. Filin ya yi kyau fiye da kowane lokaci, Alhaji ya ɗauka an ci ƙarfin abin.

Ciyawar kafet ta ƙasashe masu lema ce, saiwarta ba ta nisa, tana son danshi da 'yar inuwa. Don kada hunturu ya kashe ta, ake ba ta ruwa safe da yamma, kusan rabin awa kowane lokaci, daga bohol. In babu wuta a tayar da janareta. Saman ƙasar bai taɓa bushewa ba har ranin ya ƙare, kusurwar famfo kuwa kullum caɓal take, saboda kan famfon na ɗiga dare da rana. Aya-aya, wadda a gona rani ke tilasta mata kwanciya, a nan ta yi ta haihuwa wata shida ba hutu.

Yanka kuma da langa-langa ake yi, duk sati uku, kuma maigadi na sharewa har ƙasa don aikin ya daɗe bai dawo ba. Bayan kowane yanka ana ganin jar ƙasa a tsakanin ciyawar. Aya-aya kan riga kowa tashi cikin kwana uku. A layin da tayar mota ke bi, kafet ta mutu gaba ɗaya, tuji ya maye wurin, shimfiɗe da ƙasa, ga saiwa da sai an yi da gaske kafin a tuge.

## Daminar feshi, 2023

A farkon Yuni Alhaji ya gaji. Ya je shagon kayan gona ya ce a ba shi maganin ciyawa mai ƙarfi, aka ba shi paraquat. Maigadi ya auna da gwangwanin madara kamar yadda ya saba gani a gona, ya zuba a injin feshi mai cin lita 16, ya fesa wuraren da aya-aya ta fi yawa. Ya yi aikin ne da silifas da singileti, ba safar hannu ba takunkumi. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali a labarin gidan nan. Paraquat guba ce da ba ta da makari, kurɓi ɗaya na iya kashe mutum, kuma ragowar kwalbar ta kwana watanni a ɗakin ajiya inda yara ke shiga. Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta shi a Najeriya daga farkon 2024.

Washegari duk inda maganin ya taɓa ya ƙone. Amma paraquat iya abin da ya taɓa yake kashewa, ba ya sauka cikin jijiya. Cikin sati biyu aya-aya ta dawo kore shar a kan ƙonannen wuri, kafet kuwa ta dawo a raunane, wani wurin ma ba ta dawo ba.

A Yuli aka koma wa glyphosate, wanda shi yana shiga ta ganye ya bi jikin tsiro har ƙasa. A takarda shi ne daidai da aya-aya. Sai dai an yi yanka kwana biyu kafin feshin, don haka ganyen da zai sha maganin kaɗan ne, sannan hadari ya taso aka yi ruwa bayan awa biyu, alhali maganin na bukatar awoyi a kan busasshen ganye. Ko da an kiyaye waɗannan, maganin ba ya kai wa ƙwayoyin da ke barci ba su da ganye a sama. Abin da ya kashe sarai shi ne ragowar kafet a inda aka fesa. Balasa, wadda dama ba ta cika jin glyphosate ba, ta yi rawaya kwana goma ta farfaɗo. Iska kuma ta kwashi feshin ta kai shi kan tumatir da yakuwar Hajiya a gefen kicin, suka kanannaɗe.

Wani maƙwabci ya ba da shawarar baƙin mai na janareta. Aka gwada a kan wuri mai faɗin mita ɗaya kusa da famfo. Ba abin da ya sake fitowa a wurin, har da abin da ake so, daga baya sai da aka kwashe ƙasar aka fitar da ita.

Zuwa tsakiyar Agusta fiye da rabin filin ƙasa ce tsirara, ga ruwa ga rana. Glyphosate ba ya hana iri tsirowa bayan an fesa. Duk irin da ya zuba bara ya tashi lokaci guda. Tsidau ya shigo ta bakin get, tofa ta ɓullo daga ƙarƙashin katangar da ke tsakaninsu da wani kango. An gudu ba a tsira ba. Hajiya ta fara maganar macizai da sauro, ta ce a kira mai siminti a huta.

## Duba filin, Oktoba 2023

Kafin a kira mai simintin, wani malamin gona da suke sallah a masallaci ɗaya da Alhaji ya shigo ya duba. Bai zo da magani ba. Ya nemi shebur da kara huɗu masu tsawon mita ɗaya-ɗaya, ya haɗa su murabba'i, ya ajiye a wuri uku yana ƙirga tsiron aya-aya. A kusurwar famfo ya sami kusan 140. A tsakiyar fili kusan 60. A ƙarƙashin mangwaro ba su kai goma ba.

Ya haƙa shebur ɗaya a kusurwar famfo ya farfasa ƙasar a kan buhu. Ƙwayoyin suka fito jere-jere, wasu sababbi farare-farare, wasu tsofaffi baƙaƙe masu gashi. Ƙasan baƙar ƙasar, a zurfin da bai wuce santimita 12 ba, shebur ya ci karo da jar ƙasa mai tauri da ruwa ke kwanciya a kanta. A layin mota kuwa shebur ya ƙi shiga sam.

Sai ya tsaya a bakin get, inda babu wanda ya taɓa ba ruwa ko taki, inda tayar mota ke takawa kullum. Wata ciyawa mai ƙananan ganye ta shimfiɗa a wurin, tana rarrafe tana kafa saiwa a kowace gaɓa. Maigadi ya ce kiri-kiri ce, kuma yana nome ta duk lokacin da ta nufi cikin fili. Malamin ya ce irinta ake shukawa a filayen ƙwallo a ƙasashe masu zafi, saboda tana jure fari da taku. Manomi na ƙinta a gonar masara da dalili, amma a nan babu masara.

"Alhaji, a cikin ciyayin nan duka, wace ce ta taɓa cutar da wani a gidan nan?"

"Ƙarangiya da tsidau, Malam. Sai tofa, tsinin tohonta ya soki yaro a tafin ƙafa."

"Sauran fa?"

Alhaji ya ɗan yi shiru. "Sauran ganinsu ne ba na so."

A nan aka tsayar da shawara. Masu ƙaya ukun nan za a yaƙe su har su ƙare. Aya-aya da tuji ba za a bi su ɗaya-ɗaya ba, za a gyara abin da ya zaunar da su: ita lema, shi taurin ƙasa. Harkiya, guɗe-guɗe, nonon kurciya da makamantansu za a bar su, injin yanka ya daidaita su da sauran. Kiri-kiri kuma ita ce za ta zama ciyawar filin. Alhaji bai ji daɗin wannan na ƙarshen ba, domin a ganinsa ya kashe kuɗi a kan kafet ga shi za a maye ta da ciyawar bakin hanya. Ya amince ne bisa sharaɗin in damina ɗaya ta wuce ba canji, za a yi siminti.

## Ranin da aka hana filin ruwa, Nuwamba 2023 zuwa Afrilu 2024

Wannan matakin bai yi wuyar karɓa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kuma tayar da janareta don shayar da ciyawa ya zama abin da Alhaji kansa ke jin nauyinsa. Aka naɗe tiyo. Mangwaro da 'yar kafet da ta tsira a inuwarsa kaɗai ake ba bokiti biyu duk bayan kwana uku.

Aka canza kan famfon da ke ɗiga. Aka haɗa indararon biyu da bututu ɗaya da ya kai ruwan kwano kwatar waje. Aikin yini ɗaya ne na mai gyaran famfo.

Babban aikin shi ne na ƙasa. Ƙwayar aya-aya na jure abubuwa da yawa, amma ba ta jure bushewa. In ta fito fili rana ta dake ta har ruwan jikinta ya ƙare, ta mutu. A Fabrairu aka sa diga a sulusin filin da ya fi muni, aka haƙa zurfin santimita 25, har aka fasa jar ƙasar da ke riƙe ruwa. Ba a baje ba, aka bar ƙasar gunduwa-gunduwa. Duk sati biyu maigadi ya bi da garma ya juya ta, na ƙasa ya dawo sama, har zuwa ƙarshen Afrilu. A kusurwar famfo an ƙara da tankaɗe ƙasar a rariyar yashi ta magina, aka tara ƙwayoyi kusan rabin bokitin fenti, aka shanya su a kan kwano sannan aka ƙona. Sauran kashi biyu na filin ba a haƙa ba, ƙarfi bai kai ba, an dai bar su sun bushe.

Tofa an bi jijiyarta da diga har gindin katanga, fararen jijiyoyi masu kaifin baki, wasu sun fi tsawon hannu. Wajen ƙarangiya aka ja tsohon buhun algarara da wani tsohon bargo a kan yashin sau da yawa, ƙayar ta manne, aka ƙona su tare. A layin mota aka jera falankan siminti biyu daidai faɗin taya, tsakaninsu aka huhhuda ƙasar da rodi aka cika ramukan da yashi da taki.

Takin wannan karon an tara shi tun Nuwamba a bayan gida, kashin shanu da na kaji da ganyen mangwaro, ana yayyafa masa ruwan wanke-wanke ana juyawa. Ya ɗauki zafi har yana tururi da safe, kuma zafin nan ne ke kashe yawancin irin ciyawar da ke ciki.

Wata uku gaban gidan ya zama kamar gonar da aka yi wa kaftu, ƙura na shiga falo. Hajiya ta yi haƙuri da shi, amma ba ta ɓoye cewa haƙuri take yi ba.

## Damina ta uku, 2024

Bayan ruwa ya zauna a farkon Yuni, aka baje ƙasar aka ɗan ɗaga kusurwar famfo don ruwa ya riƙa wucewa. Aka yanko kiri-kiri daga bakin get da gefen hanyar unguwa, guntaye masu gaɓa uku ko huɗu, aka binne su layi-layi tazarar santimita 15, kusa da juna fiye da dashen farko, don ta yi saurin rufe ƙasa. Ba a kashe ko kwabo a kan iri ba.

Aka ajiye langa-langa. Alhaji ya sayi injin yankan ciyawa na hannu, aka saita shi a santimita 5. Ƙa'idar da malamin ya ba maigadi ita ce kada a cire fiye da sulusin tsawon ganye a yanka ɗaya, wanda a Yuli da Agusta ya zama yanka kusan duk kwana shida. Wannan ya yi abu biyu. Kiri-kiri ta daina miƙewa sama ta koma yaɗuwa gefe tana yin kauri. Harkiya da guɗe-guɗe kuma ba su sami damar fitar da kai sosai ba, kuma a tsayi ɗaya da sauran sai wanda ya sunkuya zai bambance su. Takin yuriya kilo ɗaya aka watsa wa filin duka a ƙarshen Yuni, aka maimaita a tsakiyar Agusta, ana yi in ganye ya bushe kuma ana sa ran ruwa.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. A ƙarƙashin mangwaro kiri-kiri ta ƙi kamawa, ta yi siririya ta mutu, domin ba ta son inuwa ko kaɗan. Aka bar wa kafet wurin, ita kuma ta bazu a hankali. A kashi biyun da ba a haƙa ba aya-aya ta fito da ƙarfinta a Yuni, har Alhaji ya fara maganar sharaɗinsa. Malamin ya ce a bar ta, a yi ta yanka kawai, kada a cira. Aya-aya ma ba ta son inuwa, kuma duk yankan da aka yi mata daga ajiyar ƙwayarta take cirowa ta sake ganye. Zuwa Satumba, da kiri-kiri ta rufe, ta ragu a ido ƙwarai.

Ƙarangiya da tsidau da hannu aka bi su, amma a kan lokaci: daga tsakiyar Yuli, tun suna ƙanana ba su yi ƙaya ba, zagaye ɗaya duk Juma'a da safe. Tofa ta sake ɓullowa wuri huɗu daga kango. A nan ne kaɗai aka yi amfani da glyphosate, kuma ba feshi ba. Aka ɗaura tsumma a kan sanda, maigadi ya sa safar roba, ya shafa wa ganyen kowace ɗaya da safiyar da babu hadari, aka maimaita bayan wata ɗaya. Balasa kuwa aka daina sara. Ana tuge ta gaba ɗaya a zuba wa awakin maƙwabta a ranar, ba a bar guntu a ƙasa.

Hajiya ta nemi a bar mata wani siririn layi a bayan gida inda feshi bai taɓa kaiwa ba. Rukuɓu da lalo da gasaya da suka fito da kansu a wurin tana tsinka ta yi miya da kwaɗo.

## Inda aka tsaya, Agusta 2025

An sake ajiye karan nan huɗu a wurare ukun farko, aka ƙirga tsiron aya-aya. Kusurwar famfo 18, tsakiyar fili 5, ƙarƙashin mangwaro babu. A kiyasin ido, kiri-kiri ta riƙe kusan kashi biyu cikin uku na filin, kafet na da inuwar mangwaro, sauran gauraye ne na harkiya da guɗe-guɗe da nonon kurciya da ɗan tuji a gefen falanka. Ƙarangiya ƙwaya biyu aka samu a daminar, aka cire kafin su nuna. Tofa ba ta dawo ba. Tsidau na nan yana fitowa a bakin get, saboda tayar mota na kawo sabon iri daga waje, kuma wanda ya riga ya zuba na iya yin shekaru a ƙasa kafin ya tsiro. Ba a ga maciji ba, ciyawa mai santimita 5 ba ta ɓoye komai.

A ranin da ya gabata layin da ke gaban ƙofar falo kawai aka riƙa shayarwa, sau ɗaya a sati, ruwa mai yawa da zai sauka ƙasa. Sauran filin ya koma ruwan ƙasa daga Disamba, baƙi na shigowa suna yi wa Alhaji jajen ciyawarsa. Ruwan farko biyu na Mayu suka dawo da ita. Sabon aikin da kiri-kiri ta kawo shi ne shiga kwamin furanni da tsakanin falanka, sai an bi gefen da shebur an datse ta duk wata.

## Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

A ganina ɓarnar da ta fi kowace girma ita ce feshin 2023, kuma ba don maganin jabu ba ne. Ya yi aikin da aka yi shi dominsa. Matsalar ita ce ya kashe abin da ke rufe ƙasa ya bar abin da ke ƙarƙashinta, ƙwayar aya-aya da irin bara, sannan ya ba su fili da rana a tsakiyar damina. Cira da hannu da saran balasa su ma ninka ciyawar suka yi, saboda an yi su ba tare da sanin yadda kowace ke yaɗuwa ba. Hannun nan ɗaya ne ya gama da ƙarangiya, domin ita da iri kaɗai take rayuwa, in an riga ta kafin ta nuna an gama da ita.

Cikin abubuwan da suka yi amfani, hana ruwa na sa a gaba. Bututun indararo da kan famfo da naɗe tiyo su ne mafi arha a cikin duk abin da aka yi, kuma su suka cire wa aya-aya abin da take tsaye a kai. Haƙa da juya ƙasa a rani ya rage ta sosai, amma ina shakkar zai ɗore da an ci gaba da shayarwa safe da yamma. Sai zaɓen ciyawa. Kafet ba laifinta ba ne, an sa ta ne a rana tsaka a garin da ke yin wata shida ba ruwa, kuma ruwan da ake bukata don riƙe ta shi ne daidai wanda aya-aya ke so.

Sauyin da ya fi wuya na Alhaji ne. Filin da ya zana a ransa iri ɗaya ne tsaf, kore shekara duka, kuma bai same shi ba. Da ya nace a kansa, da sai dai ya dawwama cikin feshi da kuɗin mai, ko ya ƙare a siminti. Na yarda da rabon da aka yi a Oktoba 2023, amma ba zan ce kowane gida ya kwafe shi yadda yake ba: mai lambun kayan miya a jikin filinsa zai sha wahalar kiri-kiri fiye da Alhaji, wanda gidansa ke cike da inuwa kuma kafet ce za ta fi yi masa.

Kusurwar famfo har yanzu ba ta gama gyaruwa ba, ruwa na ɗan kwanciya a can in an yi mamakon Agusta. Malamin gona ya kawo shawarar a dasa ayaba a wurin, tunda tana son lema kuma inuwarta za ta danne aya-aya. Hajiya na goyon baya. Alhaji ya fi karkata ga a sake haƙa wurin a Maris a juya ƙasar rani ɗaya tukuna, in hakan bai yi ba sai a kawo ayabar.